Ƙafafun da ke haɗa cifset da faifan ajiya: me kowace take yi?

A kundin bayanin da Intel ke fitarwa game da kowane cifset nata, wato cif ɗin da ke haɗa furosesa da sauran sassan babban allon kwamfuta, akwai wani babi tun daga farko-farko wanda ba komai a cikinsa sai jadawali. Suna a hagu, harafi ɗaya ko biyu a tsakiya, sai gajeren bayani a dama: SATA0TXP, O. DDREQ, I. IORDY, I. Haka shafi bayan shafi. Yawancin masu koyon gyaran kwamfuta tsallake babin nan suke yi, don a ido ba ya kama da abin da zai amfani mai riƙe da mita da ƙarfen walda. Ni kuwa a ganina babu babin da ya fi shi amfani ga wanda aka kawo wa inji aka ce "ba ya ganin faifai". Wanda ya san aikin kowace ƙafa ya san inda zai fara dubawa, ya kuma san lokacin da faifan ba shi da laifin komai. Faifai masu lafiya da yawa an jefar da su, ko an goge bayanan mutane a kansu, alhali matsalar tana kan waya ɗaya ko kafasita ɗaya da ba ta kai ƙwayar gero ba.

Cif ɗin da zan kafa misali da shi shi ne ICH7, wanda Intel ta fitar a 2005. Na zaɓe shi ne don ya tsaya a tsakanin zamani biyu: yana da IDE, tsohuwar hanyar haɗa faifai mai faffaɗar waya, yana kuma da ƙofofi huɗu na SATA, hanyar da ta gaje ta. Ya daɗe a kasuwa ƙwarai, tun daga allunan da ke da cifset 945 har zuwa masu G31 da G41, shi ya sa har yanzu ana cin karo da shi a tsofaffin kwamfutocin tebur da ke zuwa shagunan gyara. A wancan lokacin cifset gida biyu ne. Na kusa da furosesa yana kula da RAM da hoto, shi kuma ICH yana kula da USB da sauti da faifan ajiya. Daga 2009 aikin na farkon ya koma cikin furosesa, aka bar cif ɗaya da ake kira PCH, amma sunayen ƙafafun SATA kusan ba su canja ba.

Abin da muke kira ƙafa a nan ba ƙafa ba ce da ake gani kamar ta ƙananan aisi. Ƙwallayen dalma ne sama da 600 a jere a ƙarƙashin cif ɗin, ba yadda za a yi tsinken mita ya kai gare su. Ana bin su ne ta taswirar allo, a tare su inda suka ɓullo: a kan rasista, ko kafasita, ko bakin soket.

Harafin tsakiyar jadawalin yana faɗin alkiblar sigina, kuma daga wajen cif ɗin ake kallo. I na nufin shigowa take yi, O fita take yi, I/O tana yin duka biyun. Alamar # a ƙarshen suna kuma tana nufin ƙafar tana aiki ne idan wutar da ke kanta ta sauka ƙasa. Wato idan ka auna DIOW# ka ga wuta a sama, hutawa take yi. Wannan ɗan abin yana rikita masu koyo sosai, don hankali ya fi karkata ga cewa inda wuta take nan aiki yake.

A ɓangaren IDE, ICH7 ya ware ƙafafu 27 don faifai biyu kacal. Goma sha shida daga ciki, DD0 zuwa DD15, su ne ke ɗaukar bayanan, bit 16 a tafiya ɗaya, wato bait biyu. Uku, DA0 zuwa DA2, adireshi ne. A cikin kowane faifai akwai 'yan akwatunan ajiya da ake kira rajista, kuma da waɗannan wayoyi uku ake nuna wacce ake nufi daga cikin takwas. Sai DCS1# da DCS3#, masu zaɓar rukuni: ta farko tana buɗe rukunin rajistar umarni, ta biyu rukunin sarrafawa. DIOR# tana cewa "karantawa zan yi", DIOW# tana cewa "rubutawa zan yi". IORDY ta faifai ce, da ita yake roƙon a ɗan jira shi. IDEIRQ ma tasa ce, da ita yake kiran hankalin furosesa idan ya gama aiki. DDREQ da DDACK# kuwa tambaya ce da amsa: faifai ya ɗaga ta farko yana neman a ba shi hanya kai tsaye zuwa RAM, cif ya saukar da ta biyu ya ce bismillah.

Don a ga yadda suke aiki tare, a dubi abin da ke faruwa a 'yan daƙiƙun farko bayan an kunna inji, kafin sunan faifai ya bayyana a BIOS, manhajar da ke fara tayar da inji. Cif zai ɗaga DA0 da DA1 da DA2 duka uku, wanda ke nufin rajista ta bakwai. Zai saukar da DCS1#. Zai ɗora lambar EC, a lissafin goma sha shida, a kan DD0 zuwa DD7, sannan ya saukar da DIOW# na ɗan lokaci ya sake ta. Wannan lambar ita ce umarnin "faɗi ko kai wane ne". Faifai zai shirya amsarsa, ya ɗaga IDEIRQ. Sai cif ya mayar da adireshi kan rajista ta sifiri, ya riƙa saukar da DIOR# yana saki har sau 256, kowane sau yana kwasar bait biyu, har bait 512 su cika. A cikinsu ne sunan faifan yake, da lambarsa, da girmansa, da irin gudun da zai iya. Saboda haka idan BIOS ta nuna sunan faifai da haruffa a hargitse, wani harafi ya rikiɗe ya zama wani, ba sai an yi dogon bincike ba: ɗaya daga cikin wayoyin DD ce ta katse ko wani fil ya lanƙwashe a soket. Bit ɗaya ne ke ɓacewa a kowace tafiya, kuma sunan da ke kan allo yana nuna maka shi ƙiri-ƙiri.

Akwai wata dabara a kan DD7 da ke burge ni. A rajistar da faifai ke bayyana halin da yake ciki, bit na bakwai shi ne mai cewa "ina kan aiki, kada a dame ni". To idan babu faifai a jikin wayar fa? Wayar da ba a haɗa ta da komai ba tana iya nuna sama, sai BIOS ta zauna jiran faifan da babu shi. Don haka ƙa'idar ATA ta ce a sa wa DD7 rasista mai janta ƙasa a ɓangaren allo. Idan ba kowa, amsar da za a karanta ita ce "ba na kan aiki", sai a wuce.

Tsarin nan asalinsa daga 1986 ne, lokacin da Western Digital da Compaq da Control Data suka mayar da na'urar sarrafa faifai cikin jikin faifan kansa. A farko tafiya ɗaya tana cin nanosakan 600, wato megabait 3.3 a daƙiƙa. Aka yi ta matse lokacin har ya dawo nanosakan 120, megabait 16.7. Da aka zo Ultra DMA, tsarin kai bayanai RAM kai tsaye da ƙarin sauri, a ƙarshen shekarun 1990, ana son ƙarin gudu amma soket ɗin mai fil 40 ba shi da sauran wuri. Sai aka ba ƙafafu uku aiki na biyu. Shi ya sa a jadawalin za ka ga sunayensu da ƙari a gefe. Da zarar an shiga Ultra DMA, DIOW# ta daina zama ta rubutu ta koma STOP, wadda cif ke tsayar da tafiya da ita. DIOR# da IORDY kuma sai su riƙa musayar aiki gwargwadon inda bayanai suka nufa: wanda ke aikawa shi ke buga alamar lokaci a kan tasa, wanda ke karɓa kuma yana nuna a shirye yake a kan tasa. An kuma koma ɗaukar bayanai a hawan bugun da saukarsa duka, aka ƙara lissafin gano kuskure mai suna CRC a ƙarshen kowace tafiya. Da haka aka kai megabait 33, sannan 66, sannan 100, inda ICH7 ya tsaya. Maxtor ta tura shi zuwa 133 a 2001.

A nan ne gizo ke saƙar. A gudun 100, kowane nanosakan 20 sai bait biyu sun wuce, kuma dole wayoyi 16 su isa tare. Kamar mahaya ne a jahi ranar hawan sallah: idan ba su ja linzami a layi ɗaya ba, wani ya riga wani ya makara, jahin ya ɓaci. Ga shi kuma wayoyin suna manne da juna a faffaɗan kebul, kowace ta motsa sai ta taɓa maƙwabciyarta da ɗan motsin lantarki. Maganin da aka samo shi ne kebul mai wayoyi 80. Fil ɗin soket suna nan 40 yadda suke, ƙarin wayoyi 40 ɗin duk na ƙasa ne, wato layin sifirin bolt, an saka ɗaya tsakanin kowace biyu don ta shanye hayaniyar. A kan shuɗin kai, wanda ke shiga allo, an haɗa fil na 34 da ƙasa, kuma ta nan ne inji ke gane irin kebul ɗin da aka sa masa. Idan bai ga wannan alamar ba sai ya ƙi wuce 33. Wanda ya juya kebul ya sa shuɗin kai a jikin faifai, ko ya ɗauko tsohon mai wayoyi 40, ya rage wa injinsa gudu da hannunsa. Duk da wannan ƙoƙari tsawon kebul bai wuce inci 18 ba, kimanin santimita 46. Hanyar ta kai maƙura.

SATA ta zo da wani tunani dabam. Maimakon wayoyi da yawa masu tafiya a hankali, a yi 'yan kaɗan masu gudun gaske. Intel ta fara saka ta a ICH5 a 2003 da ƙofofi biyu, zuwa ICH8 na kwamfutar tebur a 2006 ta cire IDE gaba ɗaya. A ICH7 kowace ƙofa ƙafafu huɗu ne da ita: SATA0TXP da SATA0TXN na aikawa, SATA0RXP da SATA0RXN na karɓa. Lambar da ke tsakiyar sunan ita ce lambar ƙofa. Faifai huɗu, ƙafafu 16, kuma ba mai raba hanya da wani.

P da N ba sigina biyu ba ne, sigina ɗaya ce a kan wayoyi biyu. Idan P ta hau, N ta sauka daidai gwargwado, mai karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu kawai yake dubawa. Duk hayaniyar da ta faɗo daga waje tana samun su biyun daidai, don a manne suke tafiya, sai bambancin ya zauna yadda yake. Wannan ne ya sa aka iya rage ƙarfin siginar zuwa wajen rabin bolt, inda IDE ta fara da bolt 5, aka kuma tsawaita kebul zuwa mita ɗaya. A kan allo za ka gane su da ido: layuka biyu sirara a jere, in ɗaya ya karkata ɗayan ya bi shi, an daidaita tsawonsu da tazararsu don su ba da om 100. A gudun gigabit 6, bit ɗaya bai fi fikosakan 167 ba, lokacin da sigina ke cin santimita biyu da rabi ko uku kawai a kan allo. Shi ya sa ba na goyon bayan gyaran da ake yi na ɗaure yankakken layin SATA da doguwar waya. Mita za ta yi ƙara ta ce an haɗu, faifan ma wataƙila ya bayyana, amma kurakurai za su yi ta taruwa a ɓoye.

A bakin kebul fil bakwai ne. Na 1 da na 4 da na 7 na ƙasa ne, kuma sun ɗan fi sauran tsawo don su riga taɓawa. Na 2 da na 3 su ne hanyar tafiya daga cif zuwa faifai, na 5 da na 6 hanyar dawowa. Tsakanin soket da cif kuma akwai kafasita huɗu ƙanana, ɗaya a kan kowane layi, yawanci nanofarad 10, a jere kusa da soket. Aikinsu su bar sigina ta wuce su tare tsayayyiyar wuta, don kada matakin wutar cif da na faifai su yi karo. Mai koyo yakan ɗora mita daga fil zuwa can gaba ya ji shiru, ya ce layi ya katse. Bai katse ba, kafasita ce a tsakani. Abin da ya dace shi ne a auna kowane ɓangare daban, sannan a gwada P da N a ɓangaren cif a ma'aunin dayod. Ya kamata su ba da kusan lamba ɗaya. Kafasitocin nan suna kusa da inda hannu da sukudireba ke yawan kaiwa, ɗaya tana iya ɓallewa ba wanda ya lura.

To ina adireshi ya tafi, ina IORDY, ina IDEIRQ? Ba a yar da ayyukansu ba, an mayar da su saƙonni ne da ke bi ta cikin wayoyi huɗun nan. Umarnin EC da muka gani ɗazu yana nan har yau, sai dai yanzu a cikin ƙunshi ake naɗe shi, irin wanda ake kira FIS, mai lamba 27 idan daga cif ya fito, amsar faifai game da halin da yake ciki kuma mai lamba 34, duka a lissafin goma sha shida. A cikin amsar akwai bit ɗaya da ya gaji aikin IDEIRQ. Inda dā faifai zai ja IORDY ƙasa, yanzu wata gajeriyar kalma yake aikawa mai suna HOLD, ɗaya ɓangaren ya amsa da HOLDA. Kowane ƙunshi yana farawa da SOF ya ƙare da EOF, da CRC mai bit 32 daf da kafin EOF ɗin, mai karɓa ya ce R_OK ko R_ERR. Wayar agogo ma babu ita a kebul. Ana mayar da kowane bit 8 zuwa 10 ta wata hanya da injiniyoyin IBM, Widmer da Franaszek, suka wallafa a 1983, wadda ke tabbatar da siginar ba ta daɗe a tsaye wuri ɗaya ba, sai mai karɓa ya tsamo lokacin daga motsin bayanan kansu. Wannan ne dalilin da gigabit 1.5 ke ba da megabait 150, gigabit 3 ya ba da 300, gigabit 6 na 2009 ya ba da 600. Ana rabawa da goma ne, ba da takwas ba.

Wani abin tambaya shi ne yadda biyun ke fara magana tun ba su san gudun juna ba. Suna yi ne da bugu da shiru. Cif zai aika bugu na kimanin nanosakan 107, ya yi shiru na 320, ya maimaita sau shida. Wannan shi ne COMRESET, magajin fil na 1 na IDE, mai sa faifai ya sake farawa. Faifai ya mayar da irinsa, wanda a bakinsa ake kira COMINIT. Sai a yi musayar COMWAKE, mai bugu iri ɗaya amma shirunsa gajere, daidai da tsawon bugun. Tsawon shirun ne ke ɗauke da ma'anar, don haka ba a buƙatar sanin gudu. Bayan nan faifai ya fara aika kalmar daidaitawa mai suna ALIGN da mafi girman gudunsa, in bai ji amsa ba ya sauko mataki ɗaya, har su daidaita.

Sakamakon wannan gaisuwa cif yana rubuta shi a wata rajista mai suna SStatus, kuma duk wanda ya tayar da inji da Linux daga filashi zai iya karanta ta a saƙonnin farawa. Idan ka ga 133, lambar ƙarshe 3 tana nufin an ga faifai kuma an fahimci juna, ta tsakiya 3 tana nufin gigabit 6. 123 gigabit 3 ne, 113 kuma 1.5. Sifiri na nufin ba a ji motsin kowa ba: ko faifan ba wuta, ko hanya a yanke take. Lambar ƙarshe 1 kuwa ita ce mai daɗin samu ga mai gyara, don tana cewa an ji motsin faifai amma magana ba ta ƙullu ba. Faifan na da rai ke nan, a koma kan kebul da kafasitoci. Haka nan a bayanan lafiyar faifai na SMART akwai layi mai lamba 199, wanda ke ƙirga sau nawa CRC ta ƙi daidaita. Idan shi kaɗai ke hawa, sauran layukan lafiya lau, to hanya ce ba ta da kyau. A canja kebul tukuna kafin a gaya wa mai kaya faifansa ya mutu.

Sauran ƙafafun ɓangaren SATA ba sa ɗaukar bayanai, amma wasunsu in suka samu matsala duk ƙofofin ne ke mutuwa lokaci guda. SATA_CLKP da SATA_CLKN suna kawo wa cif bugun agogo na megahaz 100, wanda yake ninkawa ya samu gudun aikawa. SATARBIAS da abokiyarta mai # kuma suna zuwa ne kan rasista ɗaya tak, mai om 24.9, wadda kuskurenta bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, ɗaya bakinta a ƙasa. Abin da ake ginawa a cikin silikon ba ya fitowa daidai wa daida daga cif zuwa cif, zafi ma yana canja shi, don haka cif ke auna kansa da wannan rasista ta waje ya daidaita ƙarfin siginarsa. A PCH na baya sunan ya koma SATAICOMP, ƙimar ma ta canja, amma aikin ɗaya ne. Idan ƙofa ɗaya ce ta mutu, a duba layukanta. Idan duka ne, a duba agogo da wannan rasista da wutar da ke ciyar da sashen kafin a kai ga ɗaga cif.

Wani lokacin kuma laifin na cikin cif ɗin ne da gaske. A ranar 31 ga Janairun 2011 Intel ta sanar da cewa cifset ɗinta na jerin 6 yana da aibi: ƙofofin gigabit 3, wato na 2 zuwa na 5, suna iya lalacewa a hankali, ƙofa ta 0 da ta 1 masu gigabit 6 kuwa lafiyarsu ƙalau. Kamfanin ya ƙiyasta abin zai ci masa kusan dala biliyan 1, ya kuma fitar da gyararren cif mai alamar B3. Wanda tsohon allon H67 ko P67, 'yan wannan jerin, ya faɗo hannunsa, ya ga faifai na ɓacewa yana dawowa, ya fara mayar da shi ƙofa ta 0.

SATALED# ita ce mai kunna 'yar fitilar da ke ƙyaftawa a gaban akwati. Ba ta ba da wuta, ja ƙasa kawai take iya yi ko ta saki, shi ya sa ake sa mata rasista mai janta sama zuwa bolt 3.3. A injinan ɗakunan sabar, inda kowane faifai ke da fitilunsa, akwai SCLOCK da SLOAD da SDATAOUT a cifofin da suka biyo bayan ICH7, masu aika halin kowane faifai a jere zuwa allon baya.

SATA0GP da 'yan uwanta an yi su ne don maɓallin da ke jikin marfin aljihun faifai, irin wanda ake zarewa inji na aiki. Kafin faifan ya fita, buɗe marfin ya riga ya sanar da cif. Kwamfutar gida ba ta da wannan, sai masu ƙera allo su yi wani amfani da ƙafar, shi ya sa ake rubuta ta da suna biyu, kamar SATA0GP/GPIO21. A yi hattara da irin waɗannan. A jerin 6, ƙafar SATA1GP/GPIO19 tana cikin waɗanda cif ke leƙawa a daidai lokacin kunnawa don ya san inda zai ɗauko BIOS. Rasistar da ke kanta in ta tafi ba daidai ba, injin gaba ɗaya ne zai ƙi tashi, kuma ba wanda zai yi zaton ƙafa mai sunan SATA ce sanadi sai wanda ya karanta jadawalin.

Da laftof da SSD suka yawaita, aka dawo aka ƙara waya ta musamman, abin da SATA ta gudu daga gare shi tun farko. Dalilin batir ne. A matakan barcin da ake da su, faifai dole ya bar kunnensa a buɗe yana sauraron COMWAKE, kuma sauraron nan wuta yake ci. A 2013 aka shigar da DEVSLP cikin SATA 3.2: cif ya ɗaga ta, faifai ya kashe har mai sauraron, ya saukar da ita, faifai ya farka cikin kimanin milisakan 20. Ba ta bi ta kebul ɗin bayanai ba, an ba ta fil na 3 ne a soket ɗin wuta mai fil 15, ɗaya daga cikin ukun da aka ware wa bolt 3.3 wanda kusan ba faifan da ke amfani da shi. A 2016 SATA 3.3 ta ba wannan fil ɗin wani aikin kuma, PWDIS, don a iya kashe faifai a kunna shi daga nesa a manyan ɗakunan ajiyar bayanai. Matsalar ita ce tsohon akwatin wuta mai wayar ruwan lemo yana zuba bolt 3.3 a kan fil ɗin ba dare ba rana. Faifai mai PWDIS yana ɗaukar wannan a matsayin umarnin "zauna a kashe", sai ya ƙi ko juyawa. Manyan faifan da aka ciro daga sabar ko daga akwatin USB sukan yi haka. Ɗan salatif mai jure zafi a kan fil na 3 na faifan ya isa ya tashe shi.

Zuwa cifofin jerin 100, na 2015, layukan nan huɗu na kowace ƙofa sun riga sun daina zama na SATA ita kaɗai. Wasu ƙafafun suna iya zama SATA ko PCIe, wata hanyar tafiyar bayanai dabam, kuma akwai wata mai suna SATAXPCIE da ke yanke hukunci. A allo ana kai ta fil na 69 na soket ɗin M.2, inda ake saka siririn katin SSD. Katin SSD na SATA ya haɗa wannan fil da ƙasa a jikinsa, na NVMe, mai bi ta PCIe, kuwa ya bar shi a sake, da haka cif ke sanin yaren da zai yi tun kafin a ce komai. Idan mai ƙera allo bai kai layukan SATA soket ɗin ba, katin SATA zai shiga daram amma ba za a gan shi ba, kuma ba shi da lahani. Idan kuma ya raba layukan ne tsakanin M.2 da ɗaya daga cikin ƙofofin kebul, to ranar da aka saka katin, faifan da ke kan waccan ƙofa zai ɓace daga BIOS. Littafin allon yana faɗin lambar ƙofar da abin ya shafa, sai a zare kebul ɗin a mayar da shi wata.